Ina da ciki wata bakwai, ƙanwata ta dage sai na sha bitamin D. A Kano ma ana rasa shi?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiya da ke nan, da iyaye mata da suka san kan abin, ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Ƙanwata tana aure a Birmingham, can Ingila. Ta haihu cikin watan Fabrairu, ɗa namiji, lafiya lau, aka yi suna muka kalla ta waya. Bai rufa wata biyu ba, da asuba tana ba shi nono sai ta ga hannunsa da gefen bakinsa suna fizga, idonsa ya kafe. Jikinsa ba zafi, ba mura, bai faɗo daga ko'ina ba. Suka kira motar asibiti. Da aka auna jininsa sai aka ce kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke gina ƙashi, shi ne ya yi ƙasa ƙwarai, kuma wai dalilin shi ne ba shi da bitamin D. Aka auna ita ma, aka tarar nata ya kusa ƙarewa, aka ce daga wurinta ya taho da rashin. An kwantar da su, an yi masa ƙarin kalsiyam ta jijiya. Yanzu alhamdu lillahi suna gida, yana shan magani, ita ma tana sha.

To tun daga nan ta hana ni sakat. Duk kiran da za ta yi, kafin ma mu gama gaisawa sai ta ce, "Yaya, kin sayi maganin?" Ni kuma cikina wata bakwai ne, haihuwa ta uku. Na ce mata ke kina ƙasar da ake kwana da kwanaki ba a ga rana ba, mu nan Kano rana ce ke neman hallaka mu. Sai ta ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, yaushe rabon da rana ta taɓa damtsenki?"

Gaskiya ban sami amsa ba. Gidan haya muke, a saman bene, ba tsakar gida. Shanya a baranda nake yi, ita ma rufaffiya ce, an kuma sa mata labulen roba saboda maƙwabta. Tagogin gilas ne, labule a sake kullum saboda ƙura. In zan fita, hijabi har ƙasa da safa, daga ƙofar gida sai mota ko adaidaita, daga nan sai cikin wani ginin. A gidanmu na cikin gari inda na tashi, Hajiyarmu tana kulle, ba ta zuwa ko'ina sai da dare, amma wanki da tankaɗe da girki duk a tsakar gida take yi da ɗaurin ƙirji, rana tana dukanta har la'asar. Ni da ake ganin ina fita, ashe ta fi ni shan rana nesa ba kusa ba.

Wannan cikin kuma ya zo min da ciwon baya da ƙugu, cinyoyina nauyi in zan hau benen nan, da dare sharaɓata tana ɗaurewa har sai na tashi zaune. Na faɗa a wurin awo, aka ce ai ciki ne, haka yake. Abin da ake ba ni shi ne jar ƙwayar ƙarin jini, da 'yar ƙaramar rawayar nan, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ba wanda ya taɓa yi min maganar bitamin D.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yarona na biyu. Shekararsa biyu da rabi, ƙafafunsa sun yi baka, in yana gudu kamar yana rangaji. Mahaifiyar maigidana ta ce gado ne, baffansu ma haka yake. Wata maƙwabciya ta ce saurin tsayar da shi muka yi. Na yarda da haka har sai da wannan abin ya sami ɗan ƙanwata.

Shin in je kemis in saya kawai in fara sha, ko sai an auna ni? In na riƙa tsayawa a rana da sassafe ya isa? Jaririn da zai yi arba'in a ɗaki ana turara shi, ko ƙofa ba a fitar da shi, shi fa? Sannan ƙafar yaron nan tana da alaƙa da wannan ko dai gadon ne?

Ungozoma Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya, ya ba ɗan ƙanwarki sauƙi mai ɗorewa.

Ƙanwarki ta fi ki gaskiya, kuma ke da kanki kin ba da hujjar. Fata ce ke haɗa bitamin D in hasken rana ya sauka a kanta kai tsaye. Ranar da ke kan rufin kwano ba ta yi miki komai. Irin hasken da ke wannan aikin ba ya ratsa gilas, ba ya ratsa tufa mai kauri, kuma baƙar fata irin tamu tana buƙatar daɗewa a rana fiye da farar fata kafin ta haɗa daidai da nata. Shi ya sa ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya, da duk zafin ranarsu, suna cikin inda matsalar ta fi yawa ga mata. A Afirka ma, wani babban nazari da aka fitar a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku nasa bai kai yadda ake so ba, kuma abin ya fi yawa ga mazauna birni, da mata, da jarirai sabbin haihuwa. Wato ku ɗin nan ne, masu benaye.

Ga yadda abin yake tafiya. In fata ta haɗa shi, ko an ci shi a abinci, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya je hanji ya sa a tsotse kalsiyam daga abincin da kika ci. Kalsiyam shi ne bulon gina ƙashi, bitamin D kuma leburan da ke miƙa wa magini bulon. In babu shi, abin da hanji ke iya ɗauka bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kalsiyam ɗin abinci ba. In akwai shi, yakan kai kashi 30 zuwa 40.

Ɗan da ke cikinki ba shi da rana, ba shi da abinci sai ke. Ta mabiyiya yake karɓar nasa bitamin D, don haka in naki ƙasa yake, da ƙasa za a haife shi. Kuma watanni ukun ƙarshen nan da kike ciki su ne lokacin da yake kwasar mafi yawan kalsiyam ɗin da zai gina ƙashinsa. Bayan haihuwa, ɗan guzurin da ya taho da shi yana ƙarewa cikin makonni. Nonon uwa ya fi komai, ba na so wata ta karanta wannan ta ce na kushe shi, amma bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ko da uwar lafiyarta ƙalau, balle in ita ma ba ta da shi. To ki haɗa: uwa ba ta da shi, nono ba shi da yawa, yaro a naɗe cikin shawul a ɗaki. Nan ne ake samun irin abin da ya faru da ƙanwarki. Kalsiyam na jini ya faɗi, jijiyoyi su rikice, yaro ya yi jijjiga ba tare da zazzaɓi ba. Wani ma zuciyarsa ce ke yin rauni, a ga yana haki, yana kasa shan nono.

Amma kar kowa ya ɗauka duk jijjigar jariri wannan ce. Ƙwayar cuta a jini, sanƙarau, faɗuwar sukari, shawara mai tsanani, wahalar naƙuda, duk suna kawo ta, kuma a wurinmu waɗannan ne muka fi gani. Jariri ya yi jijjiga, asibiti a lokacin. Ba a tsaya hayaƙi ba, ba a tsaya ɗura masa wani jiƙo ba, ba a jira gari ya waye ba. Addu'a a yi ta a hanya.

Maganar ranar sassafe kuwa, mu ma a makaranta haka muka taso muna ji, amma ranar ƙarfe bakwai kusan ba ta da wannan hasken. Sai ta ɗaga, daga hantsi zuwa azahar. Ki duba inuwarki: in ta fi ki gajarta, to lokacin ne fata ke aiki. Ba cewa na yi ki gasa kanki ba, da tsohon ciki a zafin Kano. Ɗan lokaci kaɗan, hannu da ƙafa a buɗe, a inda ba namijin da zai gan ki, sau da yawa a mako. In gidan bai ba da hali ba, ranar da kika je gidan Hajiyarku ki cire hijabin ki zauna a tsakar gida ki taya ta tsinke zogale.

Jariri kuma ba a shanya shi a rana. Fatarsa ba ta yi ƙwari ba, likitocin yara sun ce a kiyaye shi daga rana kai tsaye har wata shida. Ba sai kin yi faɗa da surukarki kan arba'in ba. Ya yi arba'in ɗinsa a ɗaki, a ba shi ɗigon bitamin D a baki, IU 400 kullum (IU ma'aunin yawan bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalbar), tun daga kwanakin farko har ya shekara. Wannan shi ne abin da ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka haɗu a kai a 2016, ga kowane jariri. Ɗigon ba ya ɓata shayar da nono zalla na wata shida, don magani da bitamin ba sa cikin abin da aka hana.

Ciwon bayanki da ɗaurewar sharaɓa na iya zama ciki ne kawai. Amma nauyin cinya wurin hawa bene ko tashi daga tabarma, da ciwon ƙashin ƙugu, suna cikin alamun rashin bitamin D ga manya. In kin koma awo ki nemi ganin likita, ki faɗa masa yadda kike zaune kamar yadda kika faɗa mana nan, har labarin ƙanwarki.

Baban Khalifa ya amsa:

Ni fa ina ganin muna ɗauko ciwon Turawa muna ɗora wa kanmu. Kakata 'ya'ya goma sha ɗaya ta haifa a ƙauye, ba awo, ba ƙwaya, ba ɗigo, duk suka tashi garau, wasunsu har yanzu suna noma. Yau kuma an ce jaririn da aka haifa a Kano, inda kwalta ke narkewa a watan Afrilu, sai an saya masa rana a kwalba. Masu kamfanonin magani ne ke neman kasuwa. Hajiya ki ci abinci mai kyau, ki yi addu'a, ki bar sa wa kanki damuwa, damuwar ma ta fi cutar da mai ciki.

Uwar Biyu Manchester ta amsa:

Baban Khalifa, kakarka a gona da bakin rijiya take wuni, kuma nono take sha da fura daga shanun gida. Ka kawo ta gidan sama mai gilas ka ga ko labarin ba zai canza ba. Sannan a tambayi tsofaffin gidan ko goma sha ɗayan nan su ne duka waɗanda ta haifa.

Maman Ilham, sannu da jiki. Ni ma a Ingila nake, bari in faɗa miki yadda ake yi a nan don ki gane me ya sa ƙanwarki ta tsorata haka. Daga watan Oktoba zuwa farkon Maris, ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D, ko da mutum ya wuni a waje. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana cewa mai ciki da mai shayarwa su sha maikirogiram 10 kullum, wato IU 400 ɗin da Mama Ungozoma ta ambata. Masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma an ce mu sha duk shekara, ba lokacin sanyi kaɗai ba. Jaririn da ke shan nono ana ba shi maikirogiram 8.5 zuwa 10 tun daga haihuwa. Wanda ke shan madarar gwangwani fiye da mililita 500 a rana ba ya buƙata, don an riga an zuba a cikin madarar. Ki lura ɗan ƙanwarki a Fabrairu aka haife shi, wato duk ƙarshen cikin a duhun hunturu ta yi shi. Mu 'yan Afirka da 'yan Pakistan da Somaliya mu aka fi kwantar wa da yara kan wannan.

Garin da ƙanwarki take ma an san shi da wannan maganar. A tsakiyar Birmingham an fara raba bitamin na shirin Healthy Start kyauta ga masu ciki da ƙananan yara tun wajen 2005, kuma cikin 'yan shekaru yawan yaran da ke zuwa asibiti da alamun rashin ya ragu da fiye da rabi. Turkiyya ma, ƙasar Musulmi mai rana, a 2005 ta fara ba kowane jariri ɗigon kyauta, laushin ƙashin yara ya ja baya sosai. Ba kasuwa ba ce, gwamnati ce ke biya don ya fi mata arha a kan kwantar da yaro.

Matsalarmu mu mata ita ce a miƙo mana kwalbar mu jefa a durowa. 'Yan biyuna da aka ba ni nasu, wahalar ba ta ɗigon ba ce, ta tunawa ce, ga rashin barci ga wanki. Abin da ya yi min aiki shi ne na ajiye kwalbar cikin kwandon kayan wankansu, kusa da man shafawa. Ana gama wankan safe, kafin a sa musu kaya, kowa ya sha nasa. Irin wanda nake da shi ɗigo ɗaya tak ne, sai in ɗiga a kan nono in ba yaro ya kama. Mahaifiyata da ta zo min wankan jego da farko ta ƙi, wai me za a ɗura wa ɗanyen goyo. Kafin ta koma gida ita ce ke tuna min.

Malamin Firamare, Jos ya amsa:

Maman Ilham, ni kan ƙafar yaron zan yi magana, don na ga irinta a gidana, kuma ina so ki raba maganar gida biyu. Ta jaririn da ke ciki daban, ta mai shekara biyu da rabi daban.

'Yata ta fari haka ta yi. Bayan yaye ƙafafun suka fara lanƙwasa, tsintsiyar hannunta ta yi kauri kamar an sa mata awarwaro a ƙarƙashin fata, in ka shafa ƙirjinta sai ka ji ƙulli-ƙulli jere a kan haƙarƙari. Ba ta son tafiya, ta yi taku kaɗan ta zauna tana kuka. Yarinyar da ke wuni a waje tana wasan ƙasa, rana ba abin da ta rasa. Da aka yi mata hoton hannu da gwiwa, aka auna jini, likita ya ce laushin ƙashi ne, sai ya tambayi abin da take ci. Koko da safe, tuwon masara da rana, tuwon masara da dare. Nono ko madara sai an yi baƙi.

A nan Jos aka yi binciken da ya buɗe wa duniya ido kan wannan. Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, sun bi yara 123 masu laushin ƙashi, aka buga sakamakon a 1999. Sun tarar kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kacal a rana, alhali yaro da ya wuce shekara ana so ya haura 500. Aka raba su uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. Waɗanda aka ba kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Ma'ana a ƙasarmu, yaron da aka yaye aka ɗora kan hatsi zalla, sau da yawa kalsiyam ɗin ne babu. Masara da dawa da gero ba su da shi da yawa, kuma akwai wani sinadari a cikinsu da ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji ɗauka.

Don haka in kin sayo masa bitamin D kawai kina jiran ƙafa ta miƙe, kina iya ɓata lokaci. Naki yaron kuma da yake ɗan bene ne, mai yiwuwa duka biyun ne suka haɗu masa. Shi ya sa yanzu ake haɗa su wurin magani.

Ba kowace ƙafar baka ba ce ciwo. Yara da yawa suna fara tafiya da ita, ta miƙe da kanta wajen shekara biyu, wasu har su ɗan yi gwame daga baya, shi ma ya wuce. Amma wanda ya haura biyu tana nan ko tana ƙaruwa, ko ɗaya ta fi ɗaya, a kai shi. Ki tuna ko maɗigarsa ta yi jinkirin rufewa, ko haƙori da tafiya sun zo a makare, duk ki faɗa wa likita. Batun gado kuwa, akwai irin na gado da gaske amma ba shi da yawa. Galibi tukunya ce aka gada: abin da baffa ya ci yana yaro shi ɗan ke ci.

Tawa watanni ta yi tana shan magani, muka ƙara mata kindirmo kullum, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa har ƙashin a zuba a miya. Ciwon ya fara tafiya kafin ƙafar. Miƙewar sai a hankali, tana girma tana gyaruwa. Yanzu tana aji huɗu, ita ke tsere a wasannin makaranta.

Mai Haɗa Magunguna, Zariya ya amsa:

Hajiya, bari in shigo ta ɓangaren kanta, don mu ake zuwa wa da "a ba ni bitamin D" ba takarda.

Abu na farko, lissafi. IU 400 daidai yake da maikirogiram 10. Wani kwalin da wannan yake rubutawa, wani da wancan, mutane suna ruɗewa. Ga mai ciki, Ingila ta ce 400, matsayar ƙwararrun 2016 ta ce 600. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta ce a ba kowace mai ciki ba, ta bar shi ga wadda ake zaton tana da rashin. Shi ya sa ba kya ganinsa a ledar awo, ba wai mantuwa nas ta yi ba. Amma ke yadda kika bayyana zamanki, kina cikin waɗanda ake zaton. IU 400 zuwa 600 a rana ba ya buƙatar gwaji kafin a fara. Ki dai duba ko kina shan wani haɗin bitamin na masu ciki, don da yawansu akwai shi a ciki. Ƙwayar nan mai sinadarai 15 da aka fara rabawa a wasu wuraren awo tana da IU 200.

Abin da nake tsoro shi ne ƙwayoyin nan masu ƙarfi sosai. Akwai mai IU 50,000 a kasuwa, na magani ne, likita ke rubuta shi bayan gwaji, kuma ba kullum ake sha ba. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a jiki. In ya yi yawa kalsiyam ya hau, sai amai, ƙishirwa, yawan fitsari, har ƙoda ta taɓu. Babba kar ya wuce IU 4,000 a rana sai da umarnin likita, jariri ƙasa da shekara kar ya wuce 1,000. Ɗigon jarirai ma iri-iri ne: wani ɗigo ɗaya ne 400, wani sai an cika mililita ɗaya. Uwa ta saba da na biyun, a sayo mata na farkon, ta cika bututu ta ɗura, ta ba shi na wata guda a zama ɗaya. Ki sa a nuna miki a kemis ɗin kafin ki fito, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Man hantar kifi da iyaye ke so, mai ciki ta bar shi. Yana da bitamin D, amma yana da bitamin A mai yawa, wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi. Man girki da sukari da fulawa da ake cewa an inganta, bitamin A ne aka sa musu, kar ki lissafa su. Nau'ikan abincin da ke ɗauke da bitamin D ba su da yawa: kifi mai maiƙo irin titus da sadin, sai ƙwaiduwar ƙwai. Ki ci, amma da wuya su kaɗai su cike gurbin.

Gwajin jinin yana da tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba. In an yi, ƙasa da 30 a ma'aunin nmol/L rashi ne, 30 zuwa 50 bai isa ba, sama da 50 ya yi. Sannan ki tambayi likita batun kalsiyam naki ke ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu ciki a wuraren da abinci ba shi da kalsiyam sosai, don yana rage haɗarin hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. In an ba ki, kar ki haɗa shi da jar ƙwayar ƙarin jini lokaci guda, yana hana ta shiga jiki. Ɗaya da safe, ɗaya da dare.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har Baban Khalifa, don maganarsa ita ce maigidana ya yi min kalma da kalma. Na karanta masa amsar Malam na Jos, da aka zo wurin tsintsiyar hannu sai ya kira yaron ya riƙe hannunsa yana dubawa. Ya ce ranar Litinin shi da kansa zai kai mu, in ga likita, a kuma yi wa yaron hoto. Na duba abincinsa ni ma, shayi da burodi, taliya, shinkafa, tuwo. Madarar shayin ma ta ganin ido ce.

Saura tambaya ɗaya, Mama Ungozoma. Gida zan tafi wankan jego, kuma Hajiyarmu ba ta wasa da kunun kanwa, tana cewa shi ke mayar da ƙashin mai jego ya kuma kawo ruwan nono. Kanwar tana da kalsiyam ɗin ne? Sannan in ni na ci gaba da shan bitamin D bayan na haihu, ba zai isar wa jaririn ta nono ba, sai lallai an ɗiga masa?

Ungozoma Mai Ritaya ta amsa:

Kanwa ba kalsiyam ba ce 'yata, dangin gishiri ce, kuma yawanta yana ɗora wa zuciya da hawan jini nauyi a lokacin da jiki bai gama komawa daidai ba. Likitocin Zariya sun daɗe suna danganta yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kumburin zuciyar masu jego. Ki lallaɓa Hajiya a rage ta sosai, a mayar da kuɗin kan nono da kindirmo da kifi. In jininki ya taɓa hawa a cikin nan, to a bar ta gaba ɗaya.

IU 400 ko 600 da za ki sha naki ne, ba ya isa ya cika nono. An gwada a Amurka, sai da uwa ta sha IU 6,400 kullum sannan nononta ya wadatar da jariri kamar ɗigon, wannan kuwa ba abin da za ki yi da kanki ba ne. Ki sha naki, ki ɗiga masa nasa. Ki sayi kwalbar tun yanzu ki sa cikin kayan haihuwa, don in kin shiga ɗakin jego ba mai barinki ki fita kemis, kuma in kika aiki yaro wani abin zai kawo miki.